Kamfanoni da halittun da ke bayan katangarsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan wani abu da ya daɗe yana sosa mini rai, wato irin gudummawar da kamfanoni da ma'aikatansu suke bayarwa wajen kare namun daji da tsirrai a inda suke aiki.

Duk ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, sai mu ga hotunan ma'aikata sanye da riguna iri ɗaya, kowa riƙe da dashe, manaja a tsakiya da sabon shebur. Ban raina wannan ba, don ni ma na taɓa shiga irin hoton. Na yi shekaru ina aiki a sashen ajiyar kaya na wata masana'anta, kuma ban manta shekarar da muka jera dashe a gindin katanga ba. Aka tafa, aka watse. Ba a ɗora wa kowa ban ruwa ba, ba a yi shinge ba. Kafin wata huɗu sai busassun sanduna a tsaye, ina wuce su kullum da safe raina na ɓaci.

A wannan masana'antar dai aka yi wani aikin da babu wanda ya ɗauki hotonsa. Ɓeraye sun addabi sito, ana ta zuba musu guba. Wata safiya wani dattijo cikin masu gadin dare ya shigo ofishinmu da mushen mujiya nannaɗe a buhu, ta biyu ke nan da ya tsinta a mako guda. Ya ce shi da ke kwana a wurin ya lura ɓeran da ya ci gubar ba ya mutuwa nan take, sai ya yi kwanaki yana tangaɗi a fili, mujiya ta sure shi, ita ma ta kwashi rabonta. Ashe da hannunmu muke kashe mai kama mana ɓera kyauta. Da ƙyar aka saurare shi, amma an saurara. Aka toshe ramuka, aka koma ɗana tarko, kafinta ya harhaɗa akwatuna da ragowar katako aka kafa a saman sito. Daga baya na ji cewa gonakin kwakwar manja a Malesiya sun daɗe suna kafa wa mujiya irin waɗannan akwatuna don maganin ɓera. Dattijon nan bai taɓa jin labarinsu ba, idonsa ne ya nuna masa.

Abin da nake son masu kamfani su gane ke nan. Taimakon da ya fi amfani yana cikin aikin yau da kullum, a kan filin da kamfani ya mallaka, kuma mai gadi da direba da mai shara da mai gyaran waya su ne suka san abin da ke rayuwa a filin.

Dubi abin da ya faru a Mombasa ta ƙasar Kenya. Kamfanin siminti na Bamburi ya haƙe dutse ya bar fako, ko ciyawa ba ta fitowa. A 1971 wani ma'aikacinsa, René Haller, ya fara gwada itatuwa iri-iri a ramin, kaɗan ne suka rayu. Ganyen da suke zubarwa kuma ya ƙi ruɓewa, sai ya kawo ƙadandoniya ya saki, ta riƙa cin ganyen tana mayar da shi taki, ƙasa ta fara taruwa a kan dutse. Yau wurin daji ne da ake kira Haller Park, da raƙuman dawa da dorina da tsuntsaye. Shekaru aka kwashe ana wannan aiki, da albashin kamfani da haƙurin ma'aikata.

A Afirka ta Kudu kuwa, tun 1996 kamfanin lantarki na Eskom ya haɗa hannu da ƙungiyar kare namun daji ta Endangered Wildlife Trust saboda ungulaye da manyan tsuntsaye da wuta ke kashewa a kan turaku. Ana kai rahoton inda aka tsinci mushe, a rufe wayar da ke wurin ko a rataya mata alamar da tsuntsu zai hango. A birnin Chicago na Amurka, tsuntsaye kusan 1,000 suka mutu a dare ɗaya cikin Oktoba 2023 bayan sun yi karo da gilashin wani babban zauren taro. Maganin bai wuce manna ƙananan ɗige-ɗige a jikin gilashin da sakin labule da dare ba, kuma mace-macen suka ragu ƙwarai.

Lamarin ba na wasa ba ne. Rahoton ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, na 2024 ya nuna cewa yawan namun dajin da ake bibiya ya ragu da kashi 73 cikin 100 a matsakaici tsakanin 1970 da 2020. Yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka cim ma a Montreal a Disamba 2022 ta nemi a sa manyan kamfanoni su riƙa auna illar da suke yi wa halittu su kuma bayyana ta a fili. Wannan sharaɗi ya yi mini daidai, domin akwai kamfanin da zai dasa itace ɗari a gaban ofis alhali bututunsa na zuba dagwalo a rafin da ke baya. Wanda ya kashe kifi da kwaɗi da zalɓen da ke cin su, dashen bakin ƙofa ba zai wanke shi ba.

Ma'aikaci kuma yana buƙatar lokaci da kunnen da zai saurare shi. Kamfanin tufafi na Patagonia yana barin ma'aikacinsa ya tafi har wata biyu ya yi wa ƙungiyar kare muhalli aiki, albashinsa na tafiya. Ba kowane kamfani zai iya haka ba, amma kowane zai iya ajiye littafi a ɗakin masu gadi, a rubuta dabbar da aka gani da wadda aka tsinta a mace, a sa wani babba ya riƙa dubawa duk wata.

Roƙona gare ka, ya Edita, idan an gayyaci wakilinku bikin dashe bana, ya rubuta wurin da adadin da aka dasa, ya koma bayan wata shida ya ƙirga waɗanda suka rayu. Ya zagaya bayan katanga ya ga inda ruwan masana'antar yake fita, sannan ya nemi mai gadin dare ya tambaye shi abin da yake gani.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu, tsohon ma'aikacin masana'anta