Zuwa ga aminina, kan kyaftin ɗin da ya tsallake watan Mayun 1943

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma aiki ya yi sauƙi. Shirun da ya shiga tsakaninmu ya yi tsawo, kuma da niyyata in bari sai ka zo hutu mu zauna ido da ido, amma wani abu ya faru wanda ba zan iya riƙe shi har lokacin ba. Kyaftin ɗina na Silent Hunter III, wasan kwamfuta na tuƙa jirgin ƙarƙashin teku na Jamus a yaƙin duniya na biyu, wanda na soma da shi tun watan Satumban 1939, ya tsallake watan Mayun 1943 da ransa, ya shigo da jirginsa tashar Saint-Nazaire ta Faransa ba tare da ya rasa ko mutum ɗaya ba. A cikin duk mutanen da na sani kai kaɗai ne za ka gane nauyin wannan magana, domin da bakinka ka ce babu mai kaiwa nan da dokar da na ɗaura wa kaina, wato in jirgi ya nutse to ya nutse ke nan, babu komawa ga ajiyar baya, inda aka adana wasan, a sake gwada sa'a.

Ka san dalilin da ya sa wannan watan ya zama mizani a wurina. A yaƙin gaske, a cikinsa ne Jamus ta yi asarar jiragen ƙarƙashin teku fiye da 40, har kwamandansu Karl Dönitz ya janye sauran daga arewacin Atlantika ranar 24 ga wata. Waɗanda suka ƙera wasan a shekarar 2005 sun bi wannan sauyin, don haka tekun da ka saba da shi a 1940 ba shi ne za ka tarar a 1943 ba. Jiragen rakiya sun samu na'urar rada, duhun dare ya daina zama sutura, jiragen sama kuwa sun mamaye mashigin Biscay, wanda dole duk mai tashi daga tashoshin Faransa ya ratsa shi a tafiya, ya kuma ratsa shi a dawowa. Ni dai a nutse nake ratsa mafi yawansa, ina tafiya a hankali don batir ya daɗe, ba na fitowa sama sai in cika batir in sauya iska, kuma ko a lokacin ba na gaggauta agogon wasan sosai, domin jirgin sama yana iya faɗo maka kafin wasan ya dawo da lokaci daidai ka ba da umarnin nutso. Jirgi irin nawa, samfurin VII, yana bukatar kusan rabin minti kafin ruwa ya rufe shi, kuma wannan rabin mintin shi ne duk abin da ke tsakaninka da bam. Na san za ka ce a tsaya a sama a buɗe wa jirgin wuta da bindigogin kakkaɓo jirage. Dönitz ma ya ba da irin wannan umarni a 1943, kuma bai yi watanni da yawa ba ya janye shi saboda yawan asara.

A nan ne tsohuwar gardamarmu take, kuma ban sauya ra'ayi ba, sai ma ƙarin hujja da na samu. Salonka na sani kamar yunwar cikina: ka tura agogo har ninki 1024, ka bar taswira tana nuna maka kowane jirgi da inda ya dosa, ka bar jami'in makamai ya yi maka lissafin harbi, in ka ga jirgin kaya shi kaɗai ka fito sama ka yi ta narka masa igwa mai milimita 88 har ya kife. In abin ya gundure ka sai ka kutsa tashar abokan gaba cikin dare, kana cewa ai kyaftin ɗin Jamus Günther Prien ma haka ya yi a Scapa Flow, sansanin jiragen yaƙin Birtaniya. Gaskiya ne ya yi, ranar 14 ga Oktoban 1939, ya nutsar da jirgin yaƙi Royal Oak tare da mutane fiye da 800. Amma sau ɗaya ya yi, bayan an yi nazarin mashigar da lokacin cikar ruwa, kai kuwa kana komawa can kamar mai bin bashi. Ban ce salonka ba ya aiki ba. Daga 1939 zuwa farkon 1941 yana kawo tan masu yawa, wato nauyin jiragen da aka nutsar, da maki masu yawa, har ya fi nawa, domin jiragen kaya da dama suna tafiya ba makami, 'yan rakiya kuma kaɗan ne. Illarsa ita ce yana koya wa hannu ɗabi'ar da za ta kashe ka daga baya, lokacin da jirgin kayan da ka raina zai mayar maka da wuta daga bayansa, ya kuma kira maka jirgin sama ta rediyo. Shi ya sa duk kyaftin ɗinka suke ƙarewa a 1942, kai kuma ka ce wasan ne ya yi maka maguɗi.

Bari in faɗa maka yadda nake tafiyar da nawa sintirin. Da farko nakan je gidan taswirar da hedikwata ta ba ni, in cika awa 24 ɗin da ake bukata, ko da na san babu komai a wurin. Bayan nan ba na yawon neman jirgi a faɗin teku, domin faɗin Atlantika ya fi ƙarfin idon mutum huɗu da ke tsaye a saman hasumiya. Maharbin da ya san aikinsa ba ya bin dawa yana ƙone ƙafa, mashaya yake tarewa, ni ma sai in koma inda hanyoyi suke haɗewa, kamar gidajen AM da ke yammacin Sikotilan da arewacin Ailan, inda ayarin da ya nufi Liverpool yake bi. A can nakan rage gudu don tattalin mai, kuma lokaci zuwa lokaci in nutse kaɗan, in kashe inji, in sa na'urar saurare a kunnena da kaina, domin kunne a ƙarƙashin ruwa ya fi ido nisa nesa ba kusa ba, musamman in ayari ne, wanda ƙarar farfelolinsa take haɗuwa ta zama gurnani ɗaya mai kauri. Kai kana ganin wannan zaman ɓata lokaci ne, ni kuwa a wurina shi ne zuciyar wasan.

Idan na gano ayari, ba na afka masa daga inda nake. Jirgina yana yin wajen mil 17 na teku a awa a saman ruwa, amma a nutse da ƙyar yake wuce 7, kuma wannan ma na ɗan lokaci ne kafin batir ya mutu, alhali ayarin yana tafiya tsakanin 7 da 9. Don haka wanda ya nutse a bayan ayari ya yi bankwana da shi. Sai in zagaya ta gefe, can inda ba za a hango ni ba, in sha gabansa, sannan in nutse in jira shi ya zo da ƙafarsa. Gudun jirgi kuwa da hannu nake auna shi, da dabarar nan ta minti 3 da daƙiƙa 15 da na taɓa nuna maka ka yi mini dariya: ka sa alama a taswira inda jirgin yake, ka jira wannan lokacin, ka sake sa alama, yawan ɗaruruwan mitocin da ya ci shi ne gudunsa. In ya ci mita 800, to mil 8 yake yi a awa. Babu wani sihiri a ciki, mil ɗin teku mita 1852 ne, lissafin ne ya faɗo haka.

A sintirin nan na ƙarshe, ayarin da na tare da asuba ya zo, ruwa yana ɗan motsi, wanda ya taimaka wajen ɓoye kan madubin leƙe. Na bar jirgin rakiyan gaba ya wuce ta samana ina jin bugun farfelarsa yana ƙaruwa sannan yana raguwa, ban ɗaga madubi ba sai da ya yi nisa. Tofido, wato makamin da ake harbawa a ƙarƙashin ruwa, mai aiki da lantarki na zaɓa, duk da gudunsa mil 30 ne kawai, domin ba ya barin layin kumfa irin na mai tururi da zai nuna wa 'yan rakiya inda aka harbo shi. Na fara sakar wa na nesa, na ɗan jira, sannan na sakar wa na kusa, don su fashe kusan lokaci guda kafin ayarin ya fara kwane-kwane. Ban tsaya kallon sakamako ba, na sauke madubi na zurfafa, na ba da umarnin tafiyar shiru, wanda ke nufin babu ɗura tofido, babu gyara, gudu bai wuce mil 2 ba. Sai ƙarar na'urarsu ta neman jirgi ta fara dukan jikin jirgina, tana matsowa. A shekarun baya dabarar sananniya ce: idan mai rakiya ya zo daidai samanka yakan rasa ka na ɗan lokaci, a nan sai ka ƙara gudu ka karya kwana kafin bama-bamansa su iso zurfin da kake. Yanzu kuwa wasunsu suna da makamin Hedgehog, wanda ake cillawa gaba tun suna jin ka, kuma ba ya fashewa sai ya taɓa ƙarfe, saboda haka dole ka sauya zurfi da hanya tun kafin ya iso. Haka muka yi ta yi har suka gaji suka koma wa ayarinsu. Na dawo gida da saura tofido a cikin 14 ɗin da na fita da su, abin da na san a wurinka abin kunya ne, amma jikin jirgin ya riga ya ji jiki, kuma jirgin da ya ji jiki ba ya jure zurfin da lafiyayye yake jurewa.

Ƙaninka ya zo kwanan baya ya zauna yana kallo, kuma ina sanar da kai cewa ya bar ɗarikarka. Shi yanzu samfurin IX yake ja daga tashar Lorient ta Faransa, mai ɗaukar tofido 22 da mai mai yawa, yana gangarowa har gidajen ET da ke gaban Freetown ta Saliyo, inda jirage masu tafiya su kaɗai suke da yawa kuma jiragen sama ba su kai na Biscay ba. Zaɓi ne mai hankali, domin a wannan yankin ne Günter Hessler da U-107 ya nutsar da jirage 14 a sintiri ɗaya a 1941, sai dai babban jirgin yana da nauyin jiki wajen nutso, kuma zai gane haka in shekaru suka ja. Abin da ya tsaya mini a rai da na ga taswirarsa shi ne kusancin wurin da mu. Ayarin da ke tashi daga Freetown zuwa Birtaniya kayan Afirka ta Yamma yake ɗauka, har da gyaɗa da manja, kuma a cikin ma'aikatan jiragen akwai 'yan yankinmu. Jirgin fasinjan nan Abosso na kamfanin Elder Dempster, wanda U-575 ya nutsar a ƙarshen Oktoban 1942, mutane fiye da 300 suka mutu a cikinsa. Su ma masu jiragen ƙarƙashin tekun, waɗanda suka yi wa gwamnatin zalunci ta Hitler aiki, kusan uku cikin huɗunsu ba su koma gida ba. Ina ganin wannan ma yana cikin abin da ya sa ba na iya buga wasan da garaje, kuma ba na jin daɗin salon da yake mayar da kowane jirgi lamba kawai a jadawalin maki. Otto Kretschmer, wanda ya fi kowa tan a cikinsu, ya yi suna ne da tsimin tofido da shiga tsakiyar ayari cikin dare a saman ruwa, amma shi ma a watan Maris na 1941 aka kama shi, watan da Prien ya ɓata.

To ga abin da nake so daga gare ka. Ka buɗe sabon kyaftin daga 1939 a runduna ta 7, ka kashe taimakon taswira da kyamarar waje, ka yi lissafin harbi da hannunka, kuma ka karɓi dokar nan tawa. Sassauci ɗaya na yarda da shi, wanda ni ma nake amfani da shi: in an ɗauke wuta ana tsakiyar sintiri, ko kwamfuta ta tsaya da kanta, halal ne ka koma ajiyar ƙarshe, amma ban yarda da ɗaukewar wutar da take zuwa daidai lokacin da bam ya fasa ɗakin inji ba, domin na san ka. In kana da ƙarin nan na Grey Wolves da masu sha'awar wasan suka haɗa, ka sa shi tun farko, don 'yan rakiyarsa sun fi kaifin kunne, kuma canza shi a tsakiyar aiki yana lalata ajiya. Ni yanzu abin da ke gabana shi ne in kai 1944 in samu bututun shaƙar iska da zai bar ni in kunna injin dizal ina nutse, kuma ina ta tunanin ko in nemi canji zuwa Bergen ta Norway in huta da Biscay, ko in zauna inda na san ruwan. Ka rubuto mini ra'ayinka a kan wannan, tare da gidan taswirar da aka fara tura ka.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara, su Hajiya ma suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka