Ina ruwanmu da Haiti? Ga amsata, Malam

Assalamu alaikum, Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: ina ruwan mace Musulma da mutanen Haiti, tunda ba addininmu ɗaya ba, kuma tun girgizar ƙasar 2010 ake tura musu agaji amma suna nan jiya i yau?

Talaucin nan ba daga sama ya faɗo musu ba. Bayi ne da aka kwaso daga Afirka suka yi tawaye, suka fatattaki Faransa, suka samu 'yanci a 1804. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi, ta ce sai sun biya faran (kuɗin Faransa) miliyan 150 diyyar dukiyar da iyayengijinsu suka rasa, har da su bayin kansu. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838, amma sai da suka ciwo bashi a bankunan Faransa suka biya, ruwan bashin ya bi 'ya'ya da jikoki. A 1995 aka matsa musu suka sauke harajin shigo da shinkafa zuwa kashi 3 cikin ɗari, shinkafar Amurka mai tallafi ta cika kasuwa, manoman kwarin Artibonite suka durƙushe. Bill Clinton, wanda shi ne shugaban Amurka a wancan lokacin, da bakinsa ya amsa a 2010 cewa kuskure ne. A shekarar ce kuma dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka kai musu kwalara, ta kashe mutum kusan 10,000.

To wa ya riƙe ƙasar duk da haka? Matan kasuwa ne, waɗanda ake kira Madan Sara. Tun da asuba mace za ta shiga kasuwar ƙauye, ta sayi ayaba da wake da doya da gawayi, ta hau saman kaya a babbar mota har Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Idan kayan ba su ƙare ba, a kan buhunanta take kwana a kasuwar Croix-des-Bossales. Sau da yawa ita ke ba manomi kuɗi tun kafin girbi, jarinta kuwa daga adashi yake fitowa, irin wanda iyayenmu mata ke zubawa. Yanzu 'yan daba sun kafa shingaye a manyan hanyoyi, suna karɓar kuɗi, suna ƙwace kaya, suna keta haddin mata. Ranar da ta kasa wucewa, birni ya kwana da yunwa, amfanin manomi kuma ya ruɓe a gona.

Batun addini kuwa, ka fi ni sanin ayar Suratul Insan da ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme. Wasu malaman tafsiri sun ce kamammun wancan zamani ba Musulmi ba ne. Kuma na ga abin koyi a wurin wani limamin Katolika ɗan ƙasar, Joseph Philippe, wanda ya kafa ƙungiyar Fonkoze a 1994 domin ba matan karkara ƙaramin rance da koya musu karatu da lissafi.

Gaskiyarka, agaji mai yawa ya tsaya a hannun manyan ƙungiyoyin waje. Shi ya sa nake roƙon masallatai da majami'u masu niyyar taimako su bincika kafin su tura ko sisi: kuɗin zai shiga jarin matar kasuwa ne? Abincin da za a raba, a wurin manoman Haiti za a saya, ko daga waje za a sake jibgo shi?

Wassalam,
'yar'uwarka a Musulunci.