Masu olsa, a duba ciki kafin a sayi maganin ƙarin jini

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili in ja hankalin masu fama da gyambon ciki, musamman iyayenmu mata. Mahaifiyata ta shekara 4 tana shan maganin olsa mai suna omeprazole kusan kullum. Da zarar ƙirji ya fara mata zafi, sai a aiki yaro kemis a nan Tudun Wada. Bara sai ga jiri, ga kasala, tafin ƙafa kamar ana tsira mata allura, harshenta ya yi ja sumul. Muka ce jini ne ya yi ƙasa, muka bi ta da Maltina da madara da kwalaben maganin ƙarin jini. Kuɗi dai sun tafi, Hajiya tana nan jiya i yau.

Da aka auna jininta a asibiti, likita ya ce bitamin B12 ne ya ƙare mata. Wannan bitamin yana cikin hanta, nama, kifi, ƙwai da nono, kuma tana cin su daidai gwargwado. Matsalar ba ta abincin ba ce, ta cikinta ce. Sai ruwan tsamin ciki ya raba bitamin ɗin da abinci, sannan wani sinadari da bangon ciki ke fitarwa ya riƙe shi har hanji ya tsotse. Maganin da ta daɗe tana sha kuwa aikinsa rage wannan tsamin ne. Hantar mutum tana ajiye B12 na shekaru, shi ya sa abin bai nuna da wuri ba.

Aka kuma samu ƙwayar cuta mai suna H. pylori a cikinta, wadda ita ce ke haddasa yawancin olsa, alhali mu duk yunwa da yaji muke ɗora wa laifi. Ga diclofenac da take sha don ciwon gwiwa, shi kuma yana iya sa ciki zubar da jini a ɓoye, bayan gida ya yi baƙi ƙirin.

Yanzu allurar B12 ake mata. Jirin ya tafi, amma ƙafar ba ta gama saki ba, likita ya ce jijiya ba ta saurin warkewa. Don Allah Edita, ku nemo likitan ciki ya yi wa jama'a wannan bayani da Hausa a shafinku na lafiya.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna