Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu fatsa, Zariya

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar, Allah Ya maimaita mana. Shugaba ya umarce ni in rubuto abinda mukayi bana domin waɗanda basa samun zuwa mitin su san inda aka kwana, lissafin kuɗi kuma yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa ranar taro.

Fitan da muka saba na ƙarshen wata bai tsaya ba sai da damina tayi nisa ruwa yayi ja. Mun fi zuwa Galma wajen dam, sau biyu mukaje Shika, 'yan Samaru kuma suna ta leƙa Kubanni abinsu. Karfasa da tarwaɗa dai sune, sai kurungu jefi-jefi. Mun kwashe leda da robobi a bakin Galma har sau uku, mun kuma zauna da dattawan masunta akan masu zuba magani a ruwa da masu jan gidan sauro suna kwashe 'ya'yan kifi, sun karɓe mu hannu biyu kuma abin yana cinsu fiye damu tunda su sana'arsu ce, mu sha'awa ce ta kawo mu. Ba'a gama wannan maganar ba, zamu koma.

Toh sai babban aikin, tafiyar Gashaka da muka shekara biyu muna magana a kanta. Ga wanda bai sani ba, Gashaka-Gumti shine gandun daji mafi girma a Najeriya, yana tsakanin Taraba da Adamawa jikin iyakar Kamaru, a 1991 aka mayar dashi gandun ƙasa, kuma a can dutsen Chappal Waddi yake mai tsayin mita 2,419 wanda duk ƙasar nan babu wanda ya kai shi. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan shi ke shiga kogin Taraba ya faɗa Binuwai. Mu Mayo Kam muka nufa, mayo ɗin da Fulatanci kogi kenan.

Abinda ya kai mu shine irin fatsar da muka raɗa wa suna fatsar gashi, kuma dan Allah ku bani dama in tsaya a kanta domin har yanzu wasu na tambaya wai ina tanar take. Babu tana, babu dalma. Gashin tsuntsu ake ɗaurewa a jikin ƙugiya da zare har ya fito kamar fara ko ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi, toh abin bashi da nauyin da zaka jefa shi, shi yasa igiyar ce mai nauyi, ita kake kaɗawa baya ka ɗan dakata ta miƙe sannan ka turo ta gaba ta ɗauki gashin ta ajiye shi kan ruwa a hankali. Dakatawar nan itace duk wahalar. Wanda ya saba wurga dalma da ƙarfin damtse sai yayi gaggawa, igiya tayi ƙara kamar bulala, gashin ya tsinke ya tafi.

Saboda haka muka ɗauki wata biyu kafin tafiya muna atisaye duk Asabar da yamma a fili, ba ruwa ba kifi, faranti muke ajiyewa a ƙasa kowa yana ƙoƙarin sauke ɗan ƙullin zare a ciki. Gashin kuma bamu saya ba, wajen masu figar kaji a kasuwar Sabon Gari muka roƙo, na zabo da na wuyan zakara, muka wanke muka shanya, wani ɗan uwanmu tela ya kawo ragowar zaren ado mai ƙyalli. Wallahi ƙwarin da matasanmu suka ɗaura da hannunsu sun kama kifi daidai da 'yan kaɗan ɗin da aka aiko mana daga waje, na gashin zabon ma kawara ta fi binsa.

Mun tashi a watan Janairu saboda da rani ne ruwan ke sauka yayi garau kuma hanyoyin cikin gandun ke biyuwa. Bayan asuba muka bar Zariya ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, muka bi Bauchi da Gombe da Numan zuwa Jalingo, sannan Bali sai Serti inda ofishin gandun yake. Kwana biyu a hanya, muna ƙasaru muna haɗa salloli. Tun daga gida sakatariya ta nemi izinin shiga da na kamun kifi, a can kuma aka haɗa mu da ma'aikatan gandun da zasu raka mu, sannan muka ɗauki jagorori biyu 'yan yankin da suka san kogin.

Maganar jagora, duk wanda yaje zai bada shaida, da babu su da mun dawo da gajiya kawai. Babban cikinsu dattijo ne mara yawan magana, ranar farko da muka isa bakin ruwa kowa na ɗokin jefawa sai yace Alhaji ku zauna tukuna, ku kalli ruwan. Muka zauna kusan rabin awa kan dutse. Sai ya fara nuna mana da kara, can inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya nan tsage ke tsayawa yana jiran ƙananan kifi, bayan wancan dutsen inda kumfa ke juyawa nan kawara ke cin abinda ya faɗo daga bishiya, gurbin can mai duhu kuma na giwan ruwa ne amma ba zata taso ba sai rana ta faɗi. Ya nuna mana sawun dorina a yashi yace daga nan zuwa wancan kwanar ba mai shiga ruwa ko da gwiwa ne, kuma ba mai tsayawa tsakanin dorina da ruwanta. Ba wanda ya musa.

Tsagen farko wani ƙaninmu ɗalibi ne ya kama, rana ta biyu da hantsi. Ina tsaye kusa dashi, yana jan igiya da hannun hagu kaɗan-kaɗan sai kawai ruwan ya fashe, kifin ya tashi sama yana girgiza kai jelarsa ja tana walƙiya, yaron ya rikice zai ɗaga sanda jagora yace a'a ja igiyar, ja da ƙarfi, domin bakin tsage ƙashi ne in ba'a ja sosai ba ƙugiya bata shiga. Da aka kawo shi gaɓa muka ga haƙoran a jere kamar ƙusa, a nan kowa ya gane dalilin da aka dage sai an sa 'yar waya tsakanin igiya da ƙugiya, waɗanda suka ƙi sawa ranar farko gashi biyar-biyar suka rasa. Giwan ruwa guda ɗaya tak muka samu a duk zaman, bayan magariba, Baba mataimakin shugaba ne Allah Ya ba, ya kusa minti ashirin yana fama da ita cikin duhu ana haska masa tocila.

Ita ce ta jawo gardama. Sharaɗin da muka shiga dashi shine a kama a saki, kuma mun matse ƙayar bakin ƙugiyoyinmu da filaya tun daga gida domin cirewa tayi sauƙi. Wasu daga cikinmu abin ya musu ciwo, sukace ya za'ayi mutum yayi kwana biyu a mota ya kama kifi irin wannan ya mayar, me zai ce wa iyali. Na fahimce su, amma ni ra'ayina a fili yake, abinda yasa muka tarar da kifi mai girman nan a can shine wasu sun bar shi, kuma dattawanmu da kansu suna faɗin irin kifin da ake fitarwa a Galma da can wanda yanzu sai labari. Baba da hannunsa ya riƙe ta cikin ruwa yana fuskantar da kanta wajen da ruwa ke zuwa har ta dawo hayyacinta ta fizge ta tafi.

Akwai kurakuran da ya kamata kwamiti ya gyara. Munyi yawa, mu goma sha huɗu kan jagora biyu, wasu sun yini ba wanda ya duba jifansu, nan gaba kada ya wuce mutum huɗu kan jagora ɗaya ko da za'a raba tafiyar kashi biyu. Takalmi ma matsala ne, duwatsun akwai gansakuka da santsi, wani yayanmu ya shiga da silifas ya zame ya gurɗe ƙafa sai a sansani ya ƙarasa kwanakin, Allah Ya ƙara masa lafiya. Iska ta kaɗo ƙugiya ta shiga kunnen wani, da yake an matse ƙayar nan take aka zare, amma daga yau tabarau da hula mai baki dole ne ga duk mai jifa da wanda ke tsaye kusa dashi. Ƙudan tsando kuma ya cije mu sosai musamman masu baƙaƙen kaya da shuɗi, a nemi riga mai dogon hannu ruwan ƙasa. Sabis na waya babu a bakin kogi, iyalai sun shiga damuwa, ya kamata mu bar mutum ɗaya a Zariya da za'a riƙa sanar wa duk lokacin da aka samu dama shi kuma ya isar wa gidaje.

Muna godiya ga dattawan da suka ɗauki nauyin kujerun ɗalibai biyu, da iyayenmu mata da suka haɗo mana dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kunu, Allah Ya saka da alheri. Sanduna huɗu da ƙungiya ta saya suna wajen ma'aji, mai son aro ya sa hannu a littafi ya dawo da ita cikin sati. Atisayen Asabar zai ci gaba bayan la'asar, mai sha'awar tafiya ta gaba ya bada sunansa wajena kafin mitin, kuma duk wanda aka yanka zabo a gidansa dan Allah ya ajiye mana gashin.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya