Wasiƙa daga Mombasa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Ya kasuwa, ya kuma sanyi? Na san yanzu kuna cikin hazo, kowa da man shafawarsa a aljihu. Mu a nan sai zufa, dare da rana.

Saƙonka ya iso. Ka ce kana so ka ware wani abu daga jarinka ka sayi fili a bakin teku a nan, ka gina masaukin baƙi, in abu ya yi kyau ma ka kwaso iyali. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Hotunan da kake gani ba ƙarya ba ne. Farin yashi, bishiyoyin kwakwa, ruwa shuɗi, duk suna nan a Nyali da Bamburi da Shanzu. Amma ba su ne ke riƙe da garin ba. Abin da ke ciyar da Mombasa shi ne tashar jiragen ruwa ta Kilindini. Ta nan kayan Kenya ke shigowa, ta nan kuma yawancin kayan Uganda ke bi, da na Ruwanda da Sudan ta Kudu da gabashin Kwango. Ka tsaya a Changamwe da yamma ka ga tireloli ɗauke da kwantena sun yi layi sun nufi arewa maso yamma, za ka gane inda kuɗin yake. Duk wanda na ga ya zauna da gindinsa a garin nan, in ka bi diddigi, za ka samu sana'arsa ta jingina da tashar: fiton kaya, sito, dakon mota, gyaran manyan motoci, har mai sayar wa direbobi abinci.

Gundumar kanta ƙarama ce, ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a cikin gundumomi 47 na Kenya, amma ƙidayar 2019 ta samu mutum sama da miliyan 1.2 a cikinta. Tun 2013 take da gwamnanta da majalisarta, kuma ita ke ba da lasisin buɗe shago. Tsakiyar garin tsibiri ne. Gadar Nyali ta haɗa shi da arewa, ta Makupa da yamma, kudu kuwa sai a jirgin fito na Likoni, inda mutane da motoci ke cunkusuwa safe da yamma. An yi hanyar Dongo Kundu da ke zagaye tsibirin ta ɓulla kudu, kuma a can gwamnati ta keɓe yankin masana'antu da tallafin Japan. Dillalan filaye yanzu ba su da zance sai na wajen. Za su kira ka, in ma ba su riga sun kira ba.

To, batun filin nan shi ne na fi so ka buɗe kunne a kai. Tsarin mulkin Kenya na 2010 bai yarda baƙo ya mallaki ƙasa mallakar dindindin ba, sai dai haya wadda ba ta wuce shekara 99. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne rikicin filaye na bakin tekun, wanda ya girmi ƙasar kanta. Gaɓar nan, mil 10 daga ruwa, a ƙarƙashin Sarkin Zanzibar take a hukumance har 1963, kuma takardun manyan filaye da yawa suna hannun iyalan da ba sa ma zaune a kansu, alhali mutane sun yi shekara da shekaru a wurin, sun haifi 'ya'ya sun binne iyaye. Akwai ma wani tsari a nan da mutum zai sayi gida amma ƙasar da gidan ke kai ba tasa ba, yana biyan mai ƙasa haya. Na san wani ɗan kasuwa da ya biya kuɗin fili tsaf, da takarda da hatimi, ranar da ya kai masu awo sai ya tarar da iyali uku a ciki, kowanne da tasa hujjar. Har yau suna kotu. Saboda haka ni ban yarda ka sa kwabo a fili ba sai ka zauna a garin ka san mutane, ka samu lauya naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya nuna maka ba.

Masaukin baƙi kuwa, riba a cikinsa akwai, amma cinikin lokaci ne. Disamba ɗakuna cike, mutanen Nairobi sun sauko hutu a jirgin ƙasan da aka buɗe a 2017. Afrilu da Mayu, lokacin ruwa mai yawa, sai ka ga ma'aikata sun fi baƙi. Kuma abu kaɗan ke korar masu yawon buɗe ido. A 2014 da ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu kan tsaro, otal-otal da dama sun sallami ma'aikata. Ga kuma gishirin iskar teku da ke cin ƙarfe. Ƙyauren da zai yi maka shekara ashirin a Kano, a nan kafin ka ankara ya yi ja ya fara marmashewa. Na'urar sanyaya ɗaki, kwanon rufi, makullai, ƙasan mota, duk haka. Ka sa wannan a lissafi.

Da ni ne kai, shayi zan duba. A Mombasa ake gwanjon ganyen shayi na gabashin Afirka kowane mako, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Shayin Kenya da Uganda da Ruwanda da Burundi da Tanzaniya a nan ake sa masa farashi, Pakistan da Masar su ne manyan masu saye. Ka bi ta Shimanzi da rana, ƙamshin ganye na fitowa daga sito-sito, ga buhunan takarda an jibge har rufi. Ba a shiga gwanjon da ka, sai ta hannun masu rajista, amma ana iya saye daga wurinsu. Kai da ka san yawan masu teburin shayi daga Kano zuwa Maraɗi, ba sai na yi maka bayani ba. Matsalar ita ce nisa: kaya daga nan zuwa Legas sai sun yi dogon zagaye a teku, kuɗinka na kwance makonni. Ka fara da ɗan kaɗan ka gani. Kuma ka sani, takardar izinin zama ta mai zuba jari tana neman ka nuna jarin dala 100,000.

Kada ka manta hukuma na iya juya kasuwa da umarni guda. Bayan an buɗe layin dogon nan, gwamnati ta tilasta a ɗora kwantenoni a jirgin ƙasa a kai su Nairobi a yi fitonsu a can. Masu tireloli da masu sito a nan suka shiga uku, har sai da Shugaba Ruto ya soke umarnin a 2022. Ga Darussalam ta Tanzaniya kullum tana zawarcin kayan Ruwanda da Kwango.

Zaman garin kuwa, wallahi yana da daɗi, kuma wannan ne ya sa ban koma ba. Ba za ka ji kanka bare ba. Kiran salla ta ko'ina, nama ba ka tambayar yanka, kotun alƙali kuma tsarin mulki ya san da ita kan aure da saki da gado. Bayan Asuba a tsohon gari akwai wani dattijo da ke zama da dogon butar tagulla a kan garwashi, yana zuba baƙin kofi mai citta a ƙananan kofuna, ba sukari. Kusa da shi wata mata na soya mahamri, wani irin fanke mai madarar kwakwa, ana haɗa shi da wake. Daga nan kana hango ganuwar Fort Jesus, wadda Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593, Larabawan Oman suka ƙwace a 1698. Mutanen suna da ladabi da doguwar gaisuwa irin tamu, kuma ba sa gaggawa. Wannan na ƙarshen zai ba ka haushi in kana jiran takarda a ofis.

Kuɗi duk a waya ake biya, ta M-Pesa, har mai keke napep. Intanet ba laifi, don wayoyin ƙarƙashin teku a nan suke fitowa tun 2009. Abin da zai dami uwargida shi ne ruwa. Gari a tsakiyar ruwa, amma na sha daga nesa ake jawo shi, daga Mzima da Baricho, kuma ba ya isa. Na rijiya da yawa zartsi ne, sabulu ma ba ya kumfa. Mu ma jarka muke saya. Unguwa kuma sai an zaɓa, don akwai wuraren da samari masu adduna ke addabar mutane da dare, kuma ƙwaya ta lalata yara da yawa.

Shawarata, ka zo kai kaɗai tukuna, kuma kada ka zo a Yuli ko Agusta, lokacin da iska ke kaɗawa gari ya yi sanyi, don za ka ce aljanna ce ka sa hannu a takardar da bai kamata ba. Ka zo a Maris, ka sha zafin da rigarka ke manne maka tun kafin hantsi, ka tsaya har ruwan Afrilu ya sauka ka ga titunan da ke cika. In bayan haka har yanzu ranka na so, sai mu nemi gidan haya a Tudor, mu je ka gana da masu shayi. Jirgin Habasha yana tashi daga Kano, ka sauya a Addis Ababa, ya sauke ka a nan kai tsaye. Ɗaki yana nan, ba ka da matsalar masauki.

In za ka taho, don Allah a ƙullo min kilishi da yaji da daddawa. Ka gaishe min da Baba da kyau, da mutanen majalisa gaba ɗaya.

Wassalam,
Naka amini.