Ƙiba ta kama ni tun da na fara shan ƙwayar tazarar haihuwa

Assalamu alaikum Likita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararki a kan wata damuwa da ta hana ni sukuni. Ni matar aure ce mai 'ya'ya, kuma bayan na yaye ƙaramin, ni da maigidana muka amince in fara shan ƙwayar tazarar haihuwa, irin wadda ake shan guda 21 masu magani a jere, sannan a bi da 7 marasa magani a lokacin al'ada. Tun daga lokacin nauyina ya ƙaru da kusan kilo 8, akasarinsa a tumbi da cinyoyi, ga yawan jin yunwa da daddare, ga kumburin ƙafa idan al'ada ta gabato.

Ma'aikaciyar jinyar da ta ba ni maganin ta ce sinadarin istirojin da ke cikinsa yana sa jiki ya riƙe ruwa, kuma wannan kan lafa bayan watanni ukun farko. Ta ƙara da cewa bincike bai nuna ƙwayar tana tara kitse ba, allurar tazarar haihuwa ta wata uku ce aka fi sani da haka. Ban ƙaryata ta ba, amma watannin sun wuce, kayan sawata kuwa sai ƙara matse ni suke yi. Ta yaya zan bambance ruwa da kitse? Kuma ko ɗaya sinadarin, wato furojestin, shi ne ke buɗe mini ciki haka?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba na son in daina sha ciki ya shiga, domin jikina bai gama hutawa ba. Ƙawayena suna ta zuga ni in sayi shayin rage ƙiba, sai dai na ji cewa yawancinsa zawo yake sa wa, zawo mai tsanani kuma yana hana ƙwayar shiga jiki yadda ya kamata, don haka na ƙi. Na rage zaƙi da maiƙo, ina kuma tattaki da safe, amma ma'auni ya ƙi motsi, har na fara karaya.

Shin in nemi a canza mini zuwa wata ƙwaya mai ƙarancin istirojin, ko kuwa in koma ga robar mahaifa ta jan ƙarfe, wadda ba ta da istirojin ko furojestin kuma take kai shekara 10? Na ji tana ƙara yawan jinin al'ada, ni kuma dama nawa yana da yawa. Sannan mahaifiyata tana da hawan jini, shi ya sa nake so ki bayyana mini ko haɗuwar ƙiba da wannan ƙwaya tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, da gwaje-gwajen da ya dace in yi kafin in sauya komai.

Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Taki,
Wata mai bibiyar shirinki