A Tallafa Wa Ƙananan Masu Fitar Da Kaya Zuwa Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga Gwamnatin Tarayya.

A watan Agustan 2025 Amurka ta ɗora wa kayan Najeriya harajin kashi 15 cikin ɗari. Ɗanyen mai bai shiga ciki ba, sai nauyin ya faɗa kan masu ƙaramin jari, irin matan da ke aika man kaɗanya da dukawan Kano masu jakunkunan fata. Ribar dama nawa take?

Ita kanta Amurka, da rikicinta na kasuwanci da Sin ya taɓa manomanta, ta ware musu dala biliyan 12 a 2018. Don Allah bankin NEXIM, mai tallafa wa masu fitar da kaya waje, da Bankin Masana'antu su buɗe wa mutanenmu rance mai sauƙi, ba tare da neman jinginar gida ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano